Jinjina ga Masu Sukurun Awo, Amma da Sauran Aiki

A shekarar 2002 gwamnatin Nijeriya ta wajabta wa masana'antu su riƙa ƙara bitamin A a cikin fulawa da garin masara da sukari da man girki. Daga nan ne aka fara ganin tambarin ido a jikin buhuna da ledoji. An yi taruka, an yi jawabai, hukumar NAFDAC a zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili da takwararta ta SON suka ɗauki nauyin sa ido. Amma in ka shiga kamfanin niƙa alkama, ko a Apapa ko a Bompai, ka ce a nuna maka inda ake cika wannan doka, ba ofis za a kai ka ba. Za a hau da kai bene a nuna maka wani akwatin ƙarfe da mutum ɗaya zai iya runguma, an ɗora shi a kan hanyar da fulawa ke bi. A gindinsa akwai murɗaɗɗen ƙarfe siriri, yana juyawa a hankali, yana tofar da garin sinadari kaɗan-kaɗan. Shi ne sukurun awo, kuma duk dokar a wuyansa take rataye.

Yi lissafi ka ga nauyin da aka ɗora masa. A ɗauka kamfani yana niƙa tan 10 a awa, an kuma ce a zuba giram 500 na haɗin sinadari a kowane tan. Kilo 5 ke nan a awa, wato giram 83 da ɗoriya a minti guda. Kuma kowane minti ake so, dare da rana, damina da rani. In ya rage hannu, buhu zai fita da tambarin ido, amma yaron da ya ci burodin bai samu abin da aka yi masa alkawari ba. In ya zarce, kamfani ya yi asarar sinadarin da ake saye da dala, fulawar tana iya canza launi ko ɗanɗano saboda yawan sinadarin ƙarfen da ke cikin haɗin, ga shi bitamin A ba abin da ake so ya yi wa jiki yawa ba ne.

Irin wannan ƙarfe yana nan a wurare da yawa da ba ma kai ido. Yana masana'antun siminti irin na Ashaka da Kalambaina da Obajana, yana matatun ruwan sha inda ake auna farar ƙasa, yana wajen masu haɗa abincin kaji, da masu buga ƙwayar magani, da masu cika gwangwanin madarar gari. Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen da nake so in jinjina wa a yau mutane ne da suka ƙarar da rayuwarsu a kan tambayar da mai wucewa zai ɗauka shirme ce: yaya za a yi gari ya zubo daidai?

Tura kaya da murɗaɗɗen ƙarfe tsohuwar dabara ce. Ana jingina ta ga Archimedes, wanda ya rayu fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da ita aka daɗe ana ɗaga ruwa a Masar. A shekarun 1780 Oliver Evans ya sa ta a injin niƙansa na jihar Delaware a Amurka don ta riƙa jigilar gari. Sai dai jigila daban, awo daban. Sukurun jigila ba a cika shi, ƙasa da rabi ake zuba masa, abin da aka ba shi shi yake kaiwa. Shi kuwa sukurun awo a ƙarƙashin mazurari yake kwance, a cike yake maƙil, kuma shi ke yanke hukuncin nawa zai fita. Wanda ya sayi na farko ya ɗora masa aikin na biyu ya sayi rigima.

Rigimar daga halin gari take farawa. Ruwa ba shi da gardama, ka buɗe famfo ya zubo. Tsabar masara ma haka, nauyinta ya ishe ta gangarowa. Amma idan aka niƙa abu har ƙwayarsa ta yi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, sai lissafi ya juya: ƙarfin da ke manna ƙwaya da 'yar'uwarta ya fara rinjayar nauyinta. A 1973 wani masani ɗan Ingila, Derek Geldart, ya kasa gari gida huɗu bisa yadda yake yi idan aka hura masa iska, fulawa da siminti suka faɗa gidan masu taurin kai. Irin wannan gari yakan ɗaure ya yi baka a saman mafita, sukuru yana ta juyawa a ƙasa ba abin da ke fita. Ko kuma ya haƙa rami a tsakiya, na tsakiyar ya zube, na gefe ya tsaya ƙyam a jikin bango.

Ba nan abin ya tsaya ba. Garin nan da ya ƙi motsi da safe shi ne zai yi ambaliya da rana. Idan aka juye shi daga sama yakan haɗiyi iska, kuma saboda laushinsa iskar ba ta samun hanyar fita da wuri. Kafin ta fita, garin yana gudu ne tamkar ruwa, yana iya ratsa sukuru ya wuce ko da sukurun a tsaye yake. Sau da yawa masifun biyu tare suke zuwa: rami ya rufta, garin da ya faɗo ya kwashi iska, sai ka ga bututu yana aman abin da ya kamata ya ba ka cikin minti goma a cikin daƙiƙa biyar.

Mutum na farko da ya cancanci jinjina a nan shi ne Andrew Jenike. An haife shi a Warsaw ta ƙasar Folan a 1914, ya gama karatun injiniya a 1939, shekarar da yaƙi ya ci ƙasarsa. Bayan yaƙi ya yi digirin digirgir a Landan, ya bi ta Kanada ya sauka a Amurka. Yana dab da shekara 40 ya ajiye abin da yake yi ya rungumi matsalar rumbu da mazurari, abin da a lokacin ake ginawa da ka, ko bisa filin da ya rage a zanen masana'anta. A Jami'ar Utah ya ƙera wata 'yar na'ura, zobe biyu ɗaya kan ɗaya, a cika su da gari, a danne da nauyi sananne, a tura na sama a ga ƙarfin da zai sa garin ya karye. Daga wannan awo ya fitar da amsa biyu da mai ƙira ke buƙata: tsayuwar da bango zai yi kafin gari ya zame a jikinsa, da faɗin da mafita za ta yi kafin baka ya kasa tsayawa. Ya wallafa aikin a 1961, ya faɗaɗa shi a 1964 a littafin da injiniyoyi har gobe ke kira da lambarsa kawai, 123. A 1966 shi da ɗalibinsa Jerry Johanson suka kafa kamfanin da ke ɗauke da sunansu. Ya rasu a 2003.

Jenike ne ya raba kwarara gida biyu. Akwai ta tsakiya, inda gari ke bin hanya ɗaya ya bar na gefe a kwance. Akwai ta bai-ɗaya, inda duk abin da ke cikin mazurari ke motsi da zarar an ja daga ƙasa, wanda ya riga shiga ya riga fita. Ta biyun ce ake so ga gari mai laushi, don tana ba shi lokacin fitar da iska, tana kuma kai shi bakin sukuru da danƙarewa iri ɗaya. Ga mai zuba bitamin akwai ƙarin dalili: sinadarin da ya kwana makonni manne da bango ya riga ya fara rasa ƙarfinsa kafin ranar da zai faɗo. Kada a raina girman abin da mutumin nan ya taɓa. Binciken da Edward Merrow ya yi wa cibiyar Rand a shekarun 1980 ya nuna sababbin masana'antun da ke sarrafa busassun kaya sukan tsaya ne a wajen kashi biyu cikin uku na abin da aka tsara musu a shekarar farko, alhali masu sarrafa ruwa da iskar gas suna kusantar cika alkawari.

To, ko an bi lissafin Jenike an ƙera mazurari mai kyau, sukuru ɗaya yana iya rushe komai, kuma nan ne wurin da ya fi burge ni a duk ilmin. Ɗauki sukuru na gama-gari, wanda tazarar fiffikensa iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin doguwar mafita. Aljihun farko, can baya, shi zai cika da gari. Yana matsawa gaba a cike yake, ba shi da wurin karɓar ko cokali. Haka na biyu, haka na uku. Ashe duk tsawon mafitar nan da aka yi wahalar lissafawa, taki ɗaya ne kawai a baya yake aiki, sauran garin yana zaune a kan sukuru kamar a kan daɓe. Ka mai da mazurari mai kwararar bai-ɗaya ya koma mai rami, da hannunka. Injiniya Lyn Bates na kamfanin Ajax a Bolton ta Ingila yana cikin waɗanda suka nuna wannan ƙarara tun ƙarshen shekarun 1960, ya kuma tattara ilmin a littafinsa na shekarar 2000 a kan ƙira da zaɓen irin wannan sukuru.

Maganin a baki mai sauƙi ne: kowane aljihu ya fi na bayansa girma, don ya samu wurin karɓar sabon gari daga sama. A aikace hanya uku ce. Ko a riƙa buɗa tazarar fiffike daga baya zuwa gaba, ko a yi sandar tsakiya mai kauri a baya tana sirancewa zuwa gaba, ko a fara da ƙaramin fiffike yana girma. Ta ukun ba a cika sonta ba, don ƙuntataccen bayan nan shi ne daidai inda gari zai yi baka. Ta farkon kuma tana da iyaka ta gefe biyu. In tazara ta matse da yawa, gari yakan cushe a tsakanin fiffike ya riƙa juyawa tare da sanda, ba gaba ba baya. In ta wuce faɗin sukurun, fiffiken yana juya garin ne fiye da tura shi. Shi ya sa tazara kaɗai ba ta iya jan mafitar da ta wuce ninki uku na faɗin sukuru. Sai aka haɗa biyu: rabin baya a yi sanda mai sirancewa, rabin gaba a buɗa tazara, da haka akan kai wajen ninki shida. In mafita ta fi haka tsawo, a ƙara faɗin sukuru ko a jera biyu.

Farfesa Alan Roberts na Jami'ar Newcastle a Ostareliya, wanda ya fara da nazarin sukurun ɗaga hatsi tun farkon shekarun 1960, ya kuma kafa cibiyar TUNRA ta nazarin busassun kaya a 1975, shi da ɗalibansa sun zuba wa wannan fage lissafi. Daga irin aikinsu aka san dalilin da ya sa ake goge fuskar fiffike ta yi sumul amma a bar cikin kwamin da sukuru ke kwance a ciki da ɗan kaushi: ana so gari ya zame a jikin fiffike, kwami kuma ya riƙe shi kada ya bi juyi. Daga nan kuma aka san cewa nauyin da ke kan sukuru lokacin da aka cika mazurari yana tsaye ya ninka na lokacin da gari ke tafiya. Wannan batu namu ne fiye da na kowa. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, sukuru yakan tsaya da kaya a kansa sau da yawa a rana, kuma motar lantarkin da aka zaɓa bisa ƙarfin tafiya kawai ba za ta iya tayar da shi ba. Sai ka ji ana zagin mota, alhali laifin na wanda ya zaɓe ta ne.

Sauran dabarun ƙanana ne a ido, amma kowace da ciwon da take warkarwa. Bayan mafitar mazurari akan rufe sukuru cikin bututu matsattse na tsawon tazara ɗaya ko biyu, don ya share abin da ya yi tozo, ya kuma tare ambaliya. Ba a sa maratayi a tsakiyar sukurun awo, don gari zai taru a wurin. Sannan ga matsalar tari: sukuru ba ya zubar da gari kamar zare, guntu-guntu yake tofarwa, sau ɗaya a kowane juyi. Koma kan giram 83 ɗin nan. In ka sa babban sukuru yana juyi biyu a minti, sinadari zai riƙa faɗowa ne duk bayan daƙiƙa 30, a tsakani kuwa fulawa tana wucewa fayau. Gara ƙaramin sukuru mai ɗan sauri, ko a ninka fiffike a bakin fita, ko a sa tagwaye masu shiga juna suna share wa juna jiki, wanda shi ne aka fi yi wa gari mai danƙo. Wasu sukan tsinka sinadarin da fulawa tukuna don adadin da ake aunawa ya ƙaru. Kuma akan ajiye na'urar nesa da bakin buhu, aƙalla mita uku na hanyar gauraya, don abin da aka zuba ya samu bazuwa.

Akwai kuma masu motsa gari a cikin mazurari: ƙarfe mai juyawa a hankali a saman sukuru, ko bangon roba da ake matsawa daga waje, ko girgiza. Girgiza wuƙa ce mai baki biyu, in aka bar ta tana aiki sukuru yana tsaye, danƙare garin take yi. Ita kuwa guduma, wadda kusan kowace masana'anta ke ajiyewa kusa da rumbu, ba ta cikin dabaru. Duk inda ka ga gindin mazurari ya lotsa da duka, ƙirar ce ta gaza, kuma kowane lotso sabon wuri ne da gari zai maƙale gobe.

Duk da wannan ƙoƙari, akwai abin da sukuru ba zai taɓa sani ba. Shi mudu ne, ba sikeli ba. Duk wanda ya taɓa awon gari a kasuwa ya san mudun da aka zuba sakwa-sakwa da wanda aka girgiza aka danna ba nauyinsu ɗaya ba, ko da bakinsu ya zo daidai. Sukuru yana ba ka aljihu kaza a minti, bai damu da ko aljihun iska ce rabinsa ba. Mazurari a cike, gari ya danƙare, nauyi ya ƙaru. Ya kusa ƙarewa, nauyi ya ragu. An canza kamfanin da ke kawo sinadari, komai ya canza. Doka kuwa da giram take magana.

Amsar da injiniyoyi suka kawo, wadda ta bazu tun shekarun 1970, ita ce a ɗora mazurari da sukuru da mota gaba ɗaya a kan sikelin lantarki. Kwamfuta tana kallon yadda nauyi ke raguwa daƙiƙa bayan daƙiƙa, in raguwar ta yi kaɗan ta ƙara wa mota gudu, in ta yi yawa ta rage. Da wannan akan matse kuskure ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, inda sukuru tsura yakan yi kashi da dama ko a kan gari mai sauƙin kai. Sai dai ita ma tana da lokacin makanta: sa'ad da ake ƙara gari a mazurari nauyi hawa yake yi, dole ta koma awon mudu har a gama. Girgizar bene tana ruɗa ta. Kuma ba ta gyara mummunar ƙira, in gari ya yi baka, iyakarta ta ƙure gudun mota ta yi ƙara.

A gida ma akwai waɗanda suka ci yabo. Manyan kamfanonin fulawa sun sayi na'urorin nan sun girka, jami'an hukuma sun koyi auna abin da da ba a aunawa, kuma a cikin masana'antun akwai ma'aikatan da ba wanda ya san sunansu, waɗanda kan tara ƙoƙo a bakin bututu na minti guda, su ɗora a sikeli, su rubuta a littafi. A wurina wannan mutum mai ƙoƙo da agogo abokin aikin Jenike ne, ko bai taɓa jin sunansa ba. Allah ya saka musu da alheri.

Amma da sauran rina a kaba. Wani binciken ƙasa baki ɗaya da Farfesa Ogunmoyela da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, fiye da shekara goma bayan dokar, ya gano cewa a cikin samfuran gari da aka gwada, waɗanda bitamin A ɗinsu ya kai ƙa'ida ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ba zan ɗora wa sukuru duk wannan ba. Akwai sinadari marar inganci, akwai mai rage hannu da gangan don riba, akwai zafi da haske da laima da ke cin bitamin A a doguwar tafiya daga Legas zuwa Maiduguri a bayan tirela. Sai dai kason da ya rataya a kan awo shi ne mafi arahar gyarawa, don haka shi ne mafi ƙarancin uzuri. Mai kamfani ya tabbatar ana yin gwajin ƙoƙo a kowane canjin aiki, da kuma duk lokacin da aka buɗe sabon sinadari. A haɗa wutar sukuru da ta hanyar fulawa, yadda in fulawa ta tsaya shi ma zai tsaya, in shi ya tsaya ƙararrawa ta buga. A ƙarshen wata a ɗauki tan nawa aka niƙa da kilo nawa na sinadari ya fita daga sito, a ga ko sun gaisa. Wannan lissafin na ƙarshe shi nake so jami'in hukuma ya fara nema in ya shigo, kafin ma ya ɗebi samfur, don samfur labarin minti ɗaya yake bayarwa, littafin sito kuwa labarin wata guda. Ga kuma gwajin ɗigo mai arha, inda ake ɗiga ruwan gwaji a kan fulawa jajayen ɗigo su fito in akwai sinadarin ƙarfe. Yadda ɗigon suka bazu ma yana gaya maka ko sukurun tari yake yi.

Sai maƙeranmu. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya san ba abin da za a ajiye a gaban mutanen nan su kasa fitar da irinsa, kuma da hannunsu ƙananan masana'antun abincin kaji da na gari da yawa ke tsaye. Jan hankalina gare su guda ne. Sukurun awo yana cikin abubuwan da ido ke yaudarar mai kwaikwayo. Maigida zai ga tazarar fiffike ba daidai take ba, nan a matse can a buɗe, ya ɗauka kuskuren masu ƙira ne, ya gyara ta ta zama bai-ɗaya, ya kashe sirrin abin ba da saninsa ba. Ko kuma a wajen walda aljihu ɗaya ya fi na bayansa ƙanƙanta da 'yan milimita, sai gari ya riƙa matsewa a nan, mota tana zafi, fiffike yana lanƙwashewa. Bakin walda da ba a goge ba shi ma wurin kwanan gari ne. Waɗannan ba su buƙatar injin miliyoyi, ma'auni suke so, da haƙuri, da wanda zai zauna ya yi wa oga da yaransa bayani da Hausa. A sa kuma raga a bakin mazurari, don sukuru ba ya bambanta gari da yatsa.

Wanda zai yi wannan bayani yana jami'a. Ɗalibanmu na injiniya a Zariya da Kano da Bauchi da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna sun ƙera injinan sussuka da na ɓarza ba adadi a ayyukan kammala karatu, kuma madalla. Abin da nake so in gani yanzu shi ne na'urar Jenike a ɗakin gwaji tana aiki a kan garinmu: na masara, na gero, na dawa, na rogo, na waken suya, da kuka da busasshiyar kuɓewa da matasa suka fara ƙullawa a leda suna sayarwa. Alƙaluman da ke littattafan waje ba a kan waɗannan aka auna su ba, ba kuma a yanayinmu ba. Garin da aka gwada a Janairu, iska ta bushe ƙarau har gogayya na sa shi manne wa bango, ba shi ne garin Agusta ba, lokacin da laima ke sa shi curewa. Na'urar da aka saita da hunturu a sake saita ta da damina. Sashe ɗaya da zai auna garin gida goma a yanayi biyu, ya buga sakamakon a takardar da maƙeri zai iya karantawa, ya yi wa ƙasa aikin da ya fi takardun taro ɗari.

Babban aikin kuwa yana wajen da dokar 2002 ba ta kai ba. Yawancin gidajenmu ba daga buhun kamfani suke tuwo ba. Yarinya ce ke ɗaukar kwanon masara ko gero ko dawa ta kai injin niƙa na unguwa, ta dawo da gari ba tambarin ido ba komai. Ƙungiyar Sanku mai aiki a Tanzaniya, wadda Felix Brooks-church yake cikin waɗanda suka kafa ta, ta ƙera na'urar da ake ɗorawa a kan ƙaramin injin niƙa, tana auna nauyin masarar da ke shiga tana sakin sinadari daidai da shi, tana kuma aika rahoto ta layin waya. Sun ma warware batun kuɗi ta hanyar sayar wa masu injin buhunan zuba gari a farashin kasuwa, ribar buhu ta biya sinadari. Mujallar Time ta sa na'urar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙire na 2019. Sun cancanci jinjina, mu kuma ya kamata mu je mu gani.

Sai dai kada mu kwaso ta ido rufe. Su da masu niƙa suna zubawa a buhu suna sayarwa suka fi aiki. Namu mai injin kwano-kwano yake niƙawa, kowane kwano da mai shi tsaye tana jira. Kwanon masara mai kilo biyu da rabi, a wancan lissafi na giram 500 a tan, giram ɗaya da kwata yake buƙata, kuma dole ya faɗa a garin Hajiya Ladi, kada ya maƙale a inji ya fito a na maƙwabciyarta. Sukurun da zai yi wannan zai riƙa tashi da tsayawa sau ɗaruruwa a rana, a cikin ƙura, a kan injin dizal mai girgiza shago. Mai yiwuwa a tsinka sinadarin sau goma ko ashirin don sukuru ya samu abin kamawa. Mai yiwuwa ma a nan ba sukuru ne amsa ba, cokalin awo ne ko ƙullin leda ga kowane kwano. Ba za a sani ba sai an ɗauki na'ura an kai ta shagon niƙa a Kurna ko Tudun Wada, an bar ta ta yi damina ɗaya da rani ɗaya, ana ɗibar garin kowace kwastoma ana gwadawa.